Farfaɗiyar da kan zo bayan furfura

A cikin unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram, ina da wani baffa baduku wanda ya fi shekara 50 yana ɗinkin jaka da kube da titimi. Shekarunsa 67 sa'ad da abin ya fara. Wata rana da hantsi yana zaune a rumfarsa, basilla a hannu, suna cikin ciniki da wani mutum, sai ya yi shiru. Idonsa a buɗe, amma ba ya ganin kowa. Bakinsa yana motsi kamar mai tauna goro, hannunsa na dama kuwa yana ta tsintar bakin rigarsa. Aka kira shi, bai amsa ba. Bayan kamar minti biyu ya dawo, sai ya tambayi mai sayen daga wane gari ya ke, alhali kuwa maƙwabcinsa ne tun suna samari. Bai koma daidai ba sai bayan la'asar.

Mutanen gida suka ce tsufa ne. Abin ya sake zuwa bayan mako uku, ya kuma sake. Da ma shi a kan sa gaba a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Ran da ya tsaya cik a tsakiyar karatu, har wani ya ja salla ta ƙare, ba wanda ya ce masa kome, amma daga ranar ba a ƙara sa shi gaba ba. 'Ya'yansa kuma suka karɓe akwatin kuɗin rumfa cikin ladabi, wai don su hutar da shi. Wata takwas a na haka. Sa'an nan wani dare ya faɗi a tsakar gida, jikinsa ya sandare, ya yi ta jijjiga, ya ciji harshensa, fitsari ya kubce masa. Da gari ya waye magana ta sake: yanzu kuma iska ce. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Sai da wata 'yar ƙanensa mai aikin jinya ta zo gaisuwa daga Mirriya, ta ji labarin tun daga farko, ta ce lalle a kai shi asibiti a ranar. Da aka auna tansiyonsa, 19 ne. Hoton kansa kuwa ya nuna tabon wata 'yar jijiyar jini da ta toshe tun tuni, ba tare da kowa ya sani ba, har shi kansa.

'Yan'uwa masu karatu, na kawo labarin nan ne domin na tabbata a Zango, da Garin Malam, da Magariya, da Tanut, akwai gidajen da za su gane nasu tsohon a cikinsa.

Ciwon yara ne kaɗai?

Mu a nan mun saba ɗaukar farfaɗiya ciwon ƙuruciya. Yaro ya yi zazzaɓi mai tsanani, ko sanƙarau, ko ya sha wuya wajen haihuwa, daga baya ya riƙa faɗuwa. Saboda haka in dattijo mai jikoki ya fara, hankalin mutane ba ya zuwa can ko kaɗan. Ga shi kuwa a ƙasashen Turai da Amurka, inda a ke rubuta kowane maras lafiya a ƙidaya, an daɗe da gane cewa lokaci biyu ne ciwon ya fi kama mutum sabo: farkon ƙuruciya, da kuma bayan shekara 60 zuwa 65. A can ma tsofaffi sun fi yara yawan kamuwa.

Dā ba mu cika ganin wannan ba, domin kaɗan ne cikinmu ke kaiwa shekarun. A 1960, shekarar da Nijar ta sami mulkin kai, tsawon ran da a ke sa wa jariri tsammani bai wuce wajen shekara 35 ba. Yau ya haura 60. Jihar Damagaram kuwa ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum fiye da miliyan uku da rabi. Tsofaffi sun ƙaru, cututtukan tsufa kuma sun biyo su.

A nan bari in ɗan ratse kan maganar kalma, tun da fassara ce sana'ata. Faransanci yana da kalma ɗaya ta faɗuwar da a ka yi sau guda, yana da wata dabam ta ciwon da ke sa faɗuwar ta riƙa dawowa. Hausa kuwa farfaɗiya ce duka. Bayan haka kunnen Bahaushe yana jin faɗuwa a cikin kalmar, don haka wanda bai faɗi ƙasa ba, ba a ce yana da ita. Wannan ya ɓatar da mu wata takwas a kan baffana. A wajen likita, farfaɗiya wata hargitsewa ce ta ɗan lokaci a cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki, kowace a lokacinta. In waɗansu suka tashi gaba ɗaya ba tsari, sai aikin wurin ya rikice. In wurin mai kula da hannu ne, hannu ya yi ta fizga. In na magana ne, magana ta ɗauke. In hargitsin ya bazu ko'ina, sai a ga faɗuwa da jijjiga irin wadda kowa ya sani.

A jikin tsoho, galibi hargitsin a wuri guda ya kan tsaya. Shi ya sa alamunsa ba su da ban tsoro: shiru na minti ɗaya ko biyu, zura ido, motsa baki, shafa tufa, amsa tambaya da abin da ba shi a ka tambaya ba, ko tashi a kama tafiya ba niyya. Abin da ya fi ruɗa iyali shi ne abin da ke biyowa baya. Saurayi ya kan wartsake cikin 'yan mintoci, amma tsoho ya kan yi sa'o'i, wani lokaci har kwanaki, hankalinsa bai dawo sosai ba. Wani ma hannunsa ko ƙafarsa ta kan yi sanyi na wuni guda sa'an nan ta saki. Hanyar rarrabe wannan da ruɗewar tsufa ita ce, ruɗewar tsufa a hankali ta ke shigowa, kuma ba ta tafiya. Wannan kuwa farat ɗaya ya ke zuwa, ya wuce, mutum ya koma yadda ya ke, ran da ya dawo kuma da kama ɗaya ya ke dawowa.

Abin da ke bayanta

Ga muhimmiyar maganar. Yaro ya kan yi farfaɗiya a bincika a rasa dalili. Amma mutumin da ya yi shekara 60 lafiya lau sa'an nan ya fara, sau da yawa akwai wani abu da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma neman wannan abin ya fi tsai da jijjigar gaggawa.

Na farko, kuma mafi yawa, shi ne ciwon jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. In jijiya ta toshe ko ta fashe, wurin da ta ke shayarwa ya kan mutu ya bar tabo, daga gefen tabon nan ne hargitsin kan tashi, wani lokaci bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru. In jijiyar babba ce, kowa ya gani, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ƙarama ce, irin ta baffana, sai ta toshe shiru. Cikin tsofaffin da a ka gano dalilin farfaɗiyarsu, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi wannan ne. Ba a ƙasashen waje kaɗai ba: a 2019 likitocin ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa na Yamai sun buga sakamakon binciken da suka yi kan tsofaffi masu farfaɗiya da suka duba, a can ma ciwon jijiyoyin jini ne ya zo kan gaba cikin dalilan da a ka gano.

Uwar wannan ciwo kuwa hawan jini ce. Binciken da ma'aikatar kiwon lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, a 2021, ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manyan ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa a ke raina shi. Mutum ya sha magani kwana goma, ya ji garau, ya ajiye; miya kuwa ga gishiri, ga dunƙule biyu ko uku. Wani bincike da a ka yi a Ingila, a ka buga a 2004, ya nuna cewa wanda ya fara farfaɗiya bayan shekara 60, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya kusa ninka na tsaransa sau uku. Watau ke nan faɗuwar farko ta kan zama ɗan aike. Wanda ya karɓi saƙon, ya riƙe maganin tansiyo, yana iya tsere wa abin da ke tafe.

Na biyu shi ne buguwa a kai. Ƙwaƙwalwar tsoho ta kan ɗan tsuke, jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ƙaramin bugu ya isa ya tsinka ɗaya. Ya zamo daga kabu-kabu, ko ya faɗo daga amalanke, ko ya yi karo da bakin ƙofar zaure, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Jini kuwa yana tsiyaya a ciki kaɗan-kaɗan. Bayan mako uku ko shida sai ciwon kai, da yawan barci, da jan ƙafa, da farfaɗiya, lokacin kowa ya manta da faɗuwar. Wannan yana cikin waɗanda a ke warkarwa sarai: likitan fiɗa ya huda 'yar ƙaramar kafa ya zuƙe jinin, mutum ya tashi. Amma sai in an kai shi.

Akwai kuma ƙari a cikin ƙwaƙwalwa, da ciwon mantuwa na tsufa, da tarin fuka in ya haura kai, da cututtukan da kan shiga in sida ta karya garkuwar jiki. Sanƙarau ma, ko da ya ke yara da matasa ya fi kamawa, bai bar manya ba, kuma mu a Damagaram ba baƙonmu ba ne, ko a ƙarshen 2022 da farkon 2023 an yi fama da shi a jihar nan. Farfaɗiya tare da zazzaɓi da sandarewar wuya ba ta jiran wayewar gari.

Wani kashin kuma ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, jini ne ya ɓaci. Mai ciwon suga ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurarsa bai ci abinci ba, musamman cikin azumi, sugan ya faɗi ƙasa, sai gumi da makyarkyata da jijjiga. Sugan da ya hau ƙwarai shi ma ya kan jawo. Haka nan gishirin jini in ya ragu saboda zawo da amai, ko saboda maganin tansiyo mai sa fitsari, balle a bazara da zafi ke wuce awo 40. Haka ciwon ƙoda. Kada kuma mu ɓoye maganar tramol. Mun ɗauka na samari ne, alhali kuwa akwai dattawan da ke saye a tebur saboda ciwon gwiwa ko don su jure wa noma, kuma sananne ne yana tayar da farfaɗiya. Wanda ya saba da ƙwayar barci ko giya ya bari farat ɗaya, shi ma haka. Irin waɗannan, in an gyara dalilin, shi ke nan. Ba sa bukatar maganin farfaɗiya na shekaru.

Ba kuma kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba. Zuciyar tsoho ta kan yi tsallen bugu, jini ya kasa kai wa kai, ya sume ya ɗan yi fizge-fizge. Maganin wannan dabam ne, shi ya sa a ke auna bugun zuciya.

In abin ya faru a gabanka

Ka kwantar da hankalinka, ka dubi agogo. Ka janye shi daga wuta, ko ruwa, ko bakin hanya. Ka sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, ka sassauta rawani da wuyan riga. Da jijjigar ta lafa, ka juya shi kan gefensa domin yawu ya zubo waje. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki; mutum ba ya haɗiye harshensa, amma haƙorin tsoho ya kan karye ya faɗa maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a kanga masa hayaƙi, sai ya farka sarai, gama abin da a ka ɗura wa wanda ba ya cikin hankalinsa huhu ya ke tafiya. Yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa, numfashinsa ma haka; ba dalilin gudu, ba dalilin ware masa ƙwarya.

In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo daga ta farko ba, a nemi mota nan take. In kuwa ta tsaya da kanta, amma ita ce ta farko a rayuwarsa, to, duk da haka a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce shi lafiyarsa lau.

Ban ce kowa ya bar addu'a ba. Abin da na ke cewa, a yi ta a kan hanyar asibiti. Malaman da na sani masu zurfin karatu su da kansu kan ce wa mutum ya je a auna shi.

Abin da za a riƙa zuwa asibiti

Likita ba ya nan sa'ad da abin ya faru, maras lafiyan kuma ba ya tunawa. Don haka shaidar wanda ya gani da idonsa ta fi kowace na'ura. A tafi da matar, ko jikan da ke wurin, ba babban ɗa kaɗai ba wanda labari ya ji. In akwai mai salula, ya ɗauki hoton bidiyo, a nuna wa likita shi kaɗai, kada a watsa. A kwashe dukan magungunan da tsohon ke sha a zuba a leda guda, har na tebur da na gargajiya, a faɗi gaskiya a kansu. A tuna ko ya taɓa buguwa a kai cikin watanni uku da suka wuce.

A ƙaramin asibiti na karkara majo yana iya auna tansiyo, da suga ta ɗigon jinin yatsa, da zazzaɓin cizon sauro. Sauran bincike, watau gishirin jini, da aikin ƙoda, da hoton ƙwaƙwalwa da a ke kira sikaner, sai an tura mutum gaba, mu a nan zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. Akwai kuma awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Yana taimako, amma a sani, sau da yawa ya kan fito lafiya lau ga tsohon da ke da ciwon, domin ba lalle hargitsin ya tashi a lokacin awon ba. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, akasarinsu kuma a Yamai su ke, wajen kilomita 900 daga nan. Shi ya sa masu hali kan nufi Kano, wadda ta fi kusa nesa ba kusa ba. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da na awo da na kwanciya a asibitocin hukuma. An ji sauƙi, amma kuɗin mota daga Gure ko Dungas, da kuɗin magani na kowane wata, suna nan a wuyan iyali.

Maganar magani

OMS ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. Tsofaffi ma sun fi matasa jin magani, kuma ɗan kaɗan ya kan ishe su. Sai dai jikinsu ba ya ɗaukar ganganci. Hanta da ƙoda sun rage sauri, magani ya kan daɗe cikin jini, saboda haka likita ya kan fara da ƙaramin awo ya riƙa ƙarawa a hankali.

Wanda a ka fi sani a nan shi ne Gardénal, wanda a ke amfani da irinsa tun 1912. Yana da araha, yana kuma aiki, amma ya kan sa tsoho barci da jiri da mantuwa, ya raunana ƙashi in an daɗe a na sha, tsohon da ya faɗi kuwa ƙugu ya ke karyewa. Shi da Tégrétol suna sa hanta ta yi saurin ƙone waɗansu magunguna, har da wasu na tansiyo, da na tsinka jini, da na sida. Ga mutumin da hawan jini ne asalin ciwonsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai Dépakine, akwai kuma sababbi irin su lamotirijin da lebetirasetam, waɗanda suka fi dacewa da tsofaffi. Na biyun ma OMS ta shigar da shi jerin magungunan da ba a rasawa a 2023, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Zaɓi na likita ne. Na iyali shi ne kada a tsallake rana, kada a saya a tebur, kada kuma a daina farat ɗaya don an ga wata uku ba faɗuwa, gama dainawar nan ta kan tayar da jijjigar da ba ta tsayawa. Mai niyyar azumi ya je tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan sha.

Kafin ciwon ya kwanta, tsoho ya bar tuƙin babur da mota, ya bar jan ruwa a rijiya shi kaɗai, da wanka a tafki, da hawa rumbu, da kwana kusa da wuta lokacin ɗari. Dattawan fada masu hawan salla su ma su haƙura da doki sai likita ya yarda. Ban da waɗannan, a bar shi da sana'arsa, da kuɗinsa, da wurin zamansa a majalisa. Hankalinsa bai taɓu ba.

Ga ma'aikatan hukuma kuma akwai abin dubawa. A watan Mayu 2022 babban taron OMS, wanda Nijar ke ciki, ya amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, da nufin kafin 2031 kowace ƙasa ta ƙara yawan masu samun kulawa da rabin abin da ta ke da shi a 2021. A ganina, a jiha kamar tamu wannan ba zai samu ta wajen jiran ƙwararru ba. Zai samu ne in kowane majo ya san farfaɗiyar da ba ta kayarwa, in ma'aunin tansiyo yana aiki a kowane ƙauye mai asibiti, in kuma magani bai yanke a farmasin hukuma ba, domin yankewar wata guda ta isa ta rushe aikin shekara.

Baffana yanzu ƙwaya biyu ya ke sha, ta tansiyo da safe, ta farfaɗiya da dare. Uwargidansa, wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci tun tana amarya, ita ke riƙe da ɗan littafin da a ke rubuta ranar da abin ya zo, da tsawonsa, da awon tansiyo na kowace Alhamis. Shafin faɗuwar ba a rubuta kome cikinsa ba tun wata goma sha huɗu. An mayar masa da akwatin kuɗinsa. Limanci dai har yanzu ba a ce masa ya dawo ba, shi kuma bai tambaya ba.